Rumfar da Inna Ta Kafa

Salama gare ku, masu haƙurin bibiyata. Na ga saƙonninku, masu tambayar lafiya da masu tsiyar ko an ɗaura ne ban gayyace su ba. Ba a ɗaura komai ba. Gajiya ce ta zauna min, irin wadda barci ba ya sauke ta. Yau dai na ce bari in zauna in ba ku labarin ranar Asabar, ko na rage abin da ya tokare min ƙirji.

Wanda yau ne farkon haɗuwarmu, sunana Kausar. A Nasarawa Gwom aka yanke min cibiya, kuma zane nake yi da kwamfuta a shagon Oga Linus da ke Titin Bauchi. Katin biki, fastar ɗan takara, sanarwar Maulidi, allon taron coci, duk abin da ka kawo zan tsara maka, in goge maka ƙuraje, in ƙara maka hasken da madubinka bai taɓa nuna maka ba. Manyan ayyuka a kan ledar fileks muke buga su, mai kaurin nan da ake ɗaurawa a bakin titi. Ku riƙe ledar nan a ranku, ita ta kai ni inda nake yau.

Babban kwastomanmu Gidauniyar Sabon Ganye ce, ta Alhaji Datti. Wanda ke bi ta Gada Biyu ya san fuskarsa ko bai san sunansa ba: farar babbar riga, murmushi har kunne, 'yar shuka a hannu. Ni na gyara murmushin. Alhaji yana da ramukan haƙar kuza a bayan gari, irin waɗanda in an gama kwashe abin da ke ciki ake bar wa ƙauye rami ya cika da ruwa. Amma a cikin gari shi ne uban bishiyoyi. Gidauniyarsa ta kafa fitilun sola, kowace fitila da kyamara a wuyanta, ta kuma zuba samari masu koren riguna da ke tashin masu tebur daga bakin hanya, wai suna ɓata tsarin gari.

Salim ɗan ƙaninsa ne. A hannunsa ya tashi tun rasuwar mahaifinsa, kuma shi ke kula da kyamarorin da tallan gidauniyar. Aiki ya kawo shagonmu, ya zauna a bencin kwastomomi yana kallon yadda nake matsa harafi ɗaya gaba da baya, na ƙi barin sa ya zauna lafiya.

Ya ce, "Malama, wa zai lura da wannan?"

Na ce, "Ni."

Ya yi dariya. Washegari ya dawo, ba da aiki ba.

Bari in faɗa tun yanzu kafin wata ta fara min wa'azi a ƙasan rubutu: ba wanda ya tura min shi. Ni na gani na ce ina so, kuma har yanzu da nake rubutun nan ina son sa. Mutum ne mai shiru, ba ya cika baki, in ya ce zai zo to ka sa ruwan shayi. Mahaifiyata kuwa, wadda unguwa ke kira Inna Tabawa, tun ranar da ya durƙusa ya gaishe ta ta daina wuce ƙofar maƙwabta kai a sunkuye. Shekara da shekaru tana shan "Har yanzu Kausar shiru?" a gidan suna da gidan biki. Yaran da na goya a unguwa duk suna ɗakunansu. Sai ga ɗan gidan Alhaji Datti a zaurenmu. Ku da kanku kun san irin addu'ar da take yi bayan sallah.

Matsalar daga wani hoto ta fara.

A Gada Biyu akwai wani tsohon mangwaro, tun ina firamare nake ganin sa. A ƙarƙashinsa Tina take gasa masara, in masara ta wuce ta koma dankali. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma kowa Tina yake ce mata. A wurinta nake tsayawa in na sauka daga keke zan canza mota. Wata safiya na zo, ba mangwaro, ba Tina. An sare shi da sauran bishiyoyin layin, wai rassansu suna tare wa kyamara gani, suna kuma hana sola samun rana.

Ba a jima ba Salim ya turo min hoto. Alhaji ne a tsugune yana dasa 'yar shuka daidai wurin, manyan baƙi suna tafi. A bayansa ga kututturen mangwaron, ɗanye, ga teburin Tina a kife, ga ita kanta daga gefe rungume da murhunta tana kallo.

Saƙonsa ya biyo baya: "Ranki ya daɗe, a share bayan nan, a sa ciyawa mai kyau. Baffa yana so gobe."

Na share. Aikina ke nan. Na goge kututturen, na goge teburin, na zo kan Tina na ɗan tsaya, sannan na goge ta ita ma, na shimfiɗa ciyawar wata ƙasa da na samo a intanet. Ya yi kyau ƙwarai, Alhaji har yabo ya aiko. Ranar tuwo ya ƙi wuce min maƙogwaro.

Ni ba jaruma ba ce, kada ku naɗa min rawanin da ba nawa ba. Haushi ne ya ishe ni, kuma abin da na iya ke nan. Na sake buɗe hoton nan dai. Na bar murmushin yadda na gyara shi, na bar launin gidauniyar da irin haruffansu, yadda in ka hango daga nesa za ka rantse tallansu ne. Sai dai na mayar da kututturen. Na mayar da Tina, na lulluɓe fuskarta da inuwa don kada a gane ta. Na sa wa Alhaji gatari a hannun da ke bayansa, ganyen 'yar shukar kuma kowanne na mayar da shi idon kyamara. A ƙasa na rubuta: YA SARE GOMA, YA DASA ƊAYA, YA ƊAUKI HOTO.

Oga Linus ya daɗe yana kallon kwamfutar, hannu a ƙugu. Shekarunsa a Jos sun fi nawa a duniya, amma Hausarsa ta ƙi gyaruwa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Kausar, kai kana so ka rufe min shago ne?"

"Ƙanana za mu buga, Oga. Ba suna, ba lambar waya."

"Wannan Alhaji, aikinsa ne yana riƙe shago. Amara yana jami'a, ka sani."

Amara 'yarsa ce, autarsa, hotonta ne a bangon shagon. Ya matso ya ƙura wa inuwar Tina ido.

"Wannan mata, masara nasa nake ci tun Amara yana ciki." Ya ja tsaki. "Buga. Amma abeg, don Allah, ko an kama ka, ba ka san ni ba, ban san ka ba."

"Na yi alkawari, Oga."

Na nemo Tina na nuna mata, ni da ita muka riƙa liƙa su da sassafe, ina hanyar aiki, fuskata cikin niƙabin aro. Kafin azahar mutane sun ɗauka a waya, abu ya zaga gari. Masu koren riguna suna bi suna yagewa, mu kuma muna sakewa. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Tsoro na ji, da gajiyar zama mutum biyu, da safe in liƙa wa Alhaji gatari, da rana in gyara masa murmushi.

Sai zuciya ta ɗebe ni na ce mu buga babba guda ɗaya a kan fileks, irin wadda ake ratayawa a jikin gada. Injin ya ci amanarmu, ya ja wani farin layi tun daga hular Alhaji har ƙasa. Oga Linus ya naɗe ta ya cusa min a hannu.

"Kai shi gida, ƙona shi. Yau yau."

To nan ne fa gizo ke saƙar. A gidanmu ba a ƙona fileks.

Tun da na fara aikin nan, duk ledar da ta lalace ko aka gama da ita gida nake kawowa, Inna kuma ba ta taɓa rasa abin yi da ita ba. Akurkin kajinmu wani ɗan takarar kansila ne ya rufe shi, ya faɗi zaɓe amma bai taɓa yoyo ba. Kuɓewa da tattasai a kan wasu ango da amarya ake shanya su, auren ya mutu tuni, ledar tana nan da ranta. Buhun gawayi, bakin duron ruwa, tagar banɗaki, ko'ina ka duba wani yana maka murmushi. Alhaji yana tara mutane a otal ana jawabin alkinta muhalli, Inna da ba ta taɓa jin kalmar ba ko ledar burodi sai ta wanke ta shanya. In na kunna wa fileks wuta a tsakar gida, warin kaɗai zai tara unguwa, Inna kuma sai ta tambaye ni ko kaina ɗaya. Sai na naɗe ta, fuskar a ciki, na tura ta can ƙasan tulin da ke sito, na ce in na sami sarari zan san yadda na yi da ita. Sararin bai zo ba.

Ranar Alhamis Salim ya zo zance. Muna zaune a zaure, sanyin damina yana shigowa ta ƙasan ƙofa, na kawo masa shayi ba sukari yadda yake so. Na ga ya rame. Jibi ne iyayensa za su kawo gaisuwa, ya kamata a ce zancen ke nan, amma sai ya miƙo min wayarsa. Fastata ce.

"Baffa ya ɗora min nemo mai wannan. Ke da kika san aikin, hannun wa ya yi miki kama da shi?"

Na riƙe wayar kamar yau na fara gani. "Masu zane sun yi yawa a garin nan."

"Haka ne." Ya kurɓi shayi. "Amma wannan ya damu da tazarar haruffa. Ba kowa ke damuwa ba."

Na dake. "Me za a yi masa in an same shi?"

"Shi mai zanen, Baffa ya ce yarinta ce, a ja masa kunne. Shagon da ya buga yake so. Ya ce in aka rufe guda, sauran za su shiga hankalinsu." Ya murza ido. "Akwai sabon tsari da yake nema a amince masa. Kowane shagon bugu ya yi rajista da gidauniya, duk takardar da za a liƙa a bango sai da hatiminsu. Masu tebur kuma kowa da kati a wuya, kyamara ta san shi."

"Ko sanarwar ɓatan akuya?"

"Ko ita."

"Kai kuma ka yarda da wannan?"

Ya ajiye kofin shayin. "Shi ya rene ni, Kausar. Ban san yadda ake ce masa a'a ba, ban taɓa koya ba." Sai ya yi ɗan murmushi. "Bar wannan. Wane kaya za ki sa ranar Asabar, tunda ba za a bar ni in gani ba?"

Na ce masa sirri ne. Da ya tafi na tsaya a zauren ina jin kamar in bi shi in amayar masa da komai. Inna ta ƙwala min kira in zo in tsince shinkafar waina, na tafi.

Asabar ta zo da ruwa tun asuba, irin ruwan Jos ɗin nan marar hayaniya da ba ya da niyyar ɗaukewa. Falonmu ƙarami ne, saboda haka tun farko a tsakar gida aka shirya shimfiɗa wa baƙi darduma. Na bar Inna tana kallon sama tana salati, na tafi gidan Salma mai lalle a bayan layinmu. Aka zana min hannu da ƙafa, aka kafa min ɗauri. Atamfa na sa, ruwan zuma mai ɗigon shuɗi, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara wanda Salim ya taɓa cewa yana min kyau. Ba wanda zai gan ni cikin baƙin, amma Inna ta ce ranar gaisuwa ko bango ya kamata ya san an yi kwalliya.

Lallen ya ƙi bushewa saboda sanyi, muka makara. Ina shan kwanar gidanmu na hango motar Alhaji ta riga ni, Salim a mazaunin direba, tunda a al'ada shi ba ya shiga. Na ja mayafi na rufe fuska, na bi ta ƙofar baya, na faɗa ɗakinmu kai a ƙasa. Inna ta biyo ni, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka.

"Kin ga ikon Allah? Ruwa ya so ya kunyata mu, sai na tuna da ledojinki. Na zazzage sito, can ƙasa na sami wata sabuwa fil, babba, ta rufe tsakar gidan kaf. Kuma kin san hoton wa ke jiki?" Ta kama haɓa. "Alhajin da kansa. Na ce wa Yayanki ya hau kwano ya ɗaure ta, fuskar ta kallo ƙasa, su shigo su ga mun san darajarsu."

Na zauna a bakin gado.

"Inna, Yaya Badruddeen ya karanta abin da ke jiki?"

"Ina ya ga ta karatu, yana saman kwano ruwa na dukansa? Bayanta kawai ya gani. Yana saukowa ya tafi ɗauko Baba Ƙarami, tare suka shigo da baƙin." Ta gyara min ɗauri. "Hoton ya yi kyau, 'yar nan. Ga shuka, ga gatari, ka ga manomi sosai. Har 'ya'yan itacen kin zana masa."

Inna ba ta yi boko ba. Ta sauke Alƙur'ani, ta fi ni sanin kasuwa, amma haruffan da nake cin abinci da su ado ne kawai a idonta. Ta fita tana gyara zani, ta bar ni da ƙamshin turaren wuta.

Na ɗaga labulen taga kaɗan. Ga su nan a kan darduma: Baba Ƙarami, ƙanin marigayi mahaifinmu, da Yaya Badruddeen a gefe ɗaya, Alhaji Datti da abokan tafiyarsa biyu a ɗaya gefen. Ƙwaryar goro da katan ɗin alewa a tsakiya, takalma a jere a bakin darduma. A samansu kuwa Alhaji ne, faɗin tsakar gidanmu, yana murmushi da gatarinsa. Ba wanda ya ɗaga kai. Mutum in ya shigo gidan surukai ƙasa yake kallo.

Na kira wayar Yaya, na ji tana ƙara a falo inda ya sa ta caji. Saƙon Salim ya shigo: "Amarya, sanyi zai kashe ni a mota. A taimaka wa bawan Allah da waina." Na kalli saƙon, na kife wayar. Addu'a na koma yi, ba ta malamai ba, ta wanda ruwa ya ci. Allah ka sa su gama su tashi. Allah ka sa kada kowa ya dubi sama.

An gaisa, an yi addu'a. Alhaji ya gabatar da abin da ya kawo su da muryarsa mai taushi, ya ce ɗansu ya ga 'yar gidan mutunci. Baba Ƙarami ya fara amsawa da dogon salon nan nasa, tun daga zuwan kakanmu Jos zamanin da Turawa ke haƙar kuza. Kullum dogon zancensa dariya yake ba ni, ranar kuwa ji na yi kamar in fita in toshe masa baki.

Abin da Yaya bai yi ba shi ne karkata rumfar. Ruwa ya taru a tsakiya, ledar ta yi ciki, ta fara saukowa a hankali. Ina kallo kumatun Alhajin sama suna kumbura. Can ɗigo ya sami hanya ta wata 'yar huda, ya sauka a kan hular Alhajin ƙasa. Ya share da hannu. Wani ya sake sauka.

"Subhanallahi. Badruddeen, tashi ka tura ruwan nan," in ji Baba Ƙarami.

Yaya ya ɗauko taɓarya, ya ɗaga kai don ya ga inda zai tokara. Na ga lokacin da bakinsa ya fara motsi yana karantawa, na ga lokacin da ya daina. Ya tsaya ƙiƙam da taɓarya a hannu. In mutum ɗaya ya kafe yana kallon sama, ai kun san sauran.

Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya karanta a fili, a hankali.

"Ya sare goma, ya dasa ɗaya, ya ɗauki hoto."

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi ɗaya daga cikin mutanensa ya ce, "Kira min Salim."

Salim ya shigo da sallama, ya cire takalmansa a bakin darduma, masu ruwan ƙasan nan da ni na zaɓar masa a kasuwar Taminus, ya durƙusa. Ya bi idon mutane zuwa sama. Ina jira in ga ya firgita. Bai firgita ba, ido kawai ya rufe.

Alhaji ya dubi Baba Ƙarami. "Malam, ba mu zo da rigima ba. Amma wannan ba a titi aka tsinto ta ba, ko rana ba ta taɓa dukanta ba. Wa ya kawo ta gidan nan?"

Baba Ƙarami ya fara in-ina. Sai ga muryar Inna daga bayan labulen kicin, cike da jin daɗi, don a zatonta yabo ake yi.

"Kausar ce, Alhaji. Da hannunta ta zana. Ai duk hotunanka ita ke yi, Allah ne ya ba ta baiwar."

Wallahi ban ji haushinta ba. Tausayinta na ji, har ya fi wanda nake ji wa kaina.

Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla." Ya yafito Salim, ya yi masa magana a kunne, ba doguwa ba. Salim ya ja gefe, ya ba tagata baya, ya ciro waya. Tawa ta motsa a cinyata.

"Na sani tun fasta ta farko. Niƙabi ba ya ɓoye tafiyarki."

Wani saƙon ya shigo kafin in sauke numfashi.

"Kullum da safe ni nake goge ki daga kyamarar Gada Biyu kafin kowa ya zo ofis. Yau ba ni da abin gogewa."

Na toshe bakina da mayafi. Duk ramar nan da nake gani ina cewa aiki ne ya yi masa yawa.

"Baffa ya ce ke 'yarsa ce, ya yafe, goro yana nan. Sunan shagon da ya buga kawai yake so, daga bakinki, yanzu. In babu, mu tashi."

Kada ku ce min ai Alhaji ya san inda nake aiki. Ya sani mana, ba yaro ba ne. Ba sani yake nema ba, shaida yake nema, wadda zai kai gaba da ita a garƙame shagon. In ban faɗa ba, Oga Linus zai iya cewa bai san zancen ba, injin bugu ya cika gari. In na faɗa, an gama da shi. Kuma daga bakina yake so ta fito, don in shiga gidansu na riga na san a hannun wa nake.

"Kausar, don Allah. Kalma ɗaya ce."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in rubuta. Na gaji. Na gaji da tsoro, na gaji da "har yanzu shiru", na gaji da ganin Inna tana lissafa min sa'o'ina da suka haihu. Ina son mutumin nan da ya ba ni baya yana jira. Har na rubuta "Oga". Sai na tuna shi tsaye hannu a ƙugu yana cewa ba ka san ni ba, ban san ka ba, da hoton Amara a bango. Na taɓa goge mutum da hannuna, na san yadda tuwo ke ƙin wucewa bayan nan.

Na share abin da na rubuta. Na tura masa: "Ni na zana, ni na kai aka buga, ban san kowa ba. Ka yi haƙuri, Salim. Ina son ka."

Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya koma gaban Alhaji ya durƙusa, ya faɗi abin da ya faɗa. Alhaji ya miƙe, ya kakkaɓe babbar rigarsa, ya ce wa Baba Ƙarami a yi musu afuwa. Ba zagi, ba tsawa. Ɗaya daga cikin mutanensa ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar goron. Nan na saki labulen, ban iya ganin sauran ba. Ina jin Baba Ƙarami da Yaya sun bi su zaure suna ba da haƙuri, ina jin an rufe ƙofofin mota, ina jin ta tashi ta tafi.

Inna ta shigo da farantin waina a hannu, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Kausar, lafiya suka tashi ba su ci komai ba? Har da goron?" Ta ajiye farantin ta dube ni, murnar nan tana zagwanyewa daga fuskarta. "Hoton ne bai yi masa ba?"

Na sunkuyar da kai.

"Me ke rubuce a jiki?" Muryarta ta yi ƙasa. "Tashi. Tashi ki karanta min abin da na rataya wa mutane a ka."

Ta kama hannuna ta ja ni tsakar gida. Kaina a sunkuye yake, shi ya sa bakin dardumar na fara gani. Takalman da aka jera duk sun tafi, sai ƙafa ɗaya, ruwan ƙasa, feshin ruwa yana jiƙa su.

Na ɗaga ido. Salim ne tsaye a tsakiyar darduma, ya ɗauki taɓaryar da Yaya ya yar, ya tokare cikin rumfar da ita don kada ta rufto. Ruwan yana kwarara ta gefe, ya jiƙa masa hannun riga har kafaɗa. Wayarsa tana ƙasa kusa da ƙafarsa tana ta haske, daga inda nake ina ganin sunan mai kiran: Baffa. Ta katse, ta sake ɗauka. Bai dube ta ba, ni ma bai dube ni ba.

Ya ce, "Inna, ƙyale ta. Ki zauna, ni zan karanta miki."